Rakiyar Abuja

Shekara bakwai da auren ɗiyata ta fari, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba ni kiran sunanta, Baiwa nake ce mata. Mijinta ɗan gidan Alhaji Gidaɗo ne, masu gyaran injin jirgin ruwa a bakin tashar Yelwa. Yaro ne mai kunya. In ya hango ni da tiren bandar kifi a kasuwa, layi yake canzawa, ni ma in ja mayafi in kau da kai. Haka munka taso munka iske.

Babu saiwar da Baiwa ba ta sha ba. Har Shanga na shiga jirgi na karɓo mata jiƙo, wata tsohuwa a Wara ta yi mata turare sati biyu. Rannan na iske ta tana amai saboda ɗacin wani sassaƙe, na ɗauke kwaryar na zubar bayan ɗaki, na ce ya isa.

Zuliha, unguwarzomar asibitinmu, ita ta ba mu labarin wani asibitin haihuwa a Abuja. Kafin in ɗaga ƙafa sai da na tambayi liman. Ya ce muddin abin daga miji da matarsa ne, ba a sa na wani ba, neman magani ne kamar kowane. Na ce alhamdu lillahi, na rufe tukubar banda, na ce da ni za a tafi. Wa zai riƙe mata jaka, wa zai tambayi likita abin da ita za ta ji nauyin tambaya? Mijin ya zauna gaban mota, mu muna can baya, har munka wuce Kontagora da Minna bai waiwayo ba.

Likitar mace ce, tana jin Hausa. Ta ce hanyoyin uku ne. Akwai ƙwaya da allura da ke sa ƙwan mace ya nuna. In bai yi ba, a tace ruwan miji a sa shi cikin mahaifa da wata siririyar roba. In shi ma bai yi ba, a haɗa su a waje, sai ya kama a mayar ciki. Na ce wanga na ƙarshe ai dashen shinkafa ne, a raini iri a gefe sannan a kai fadama. Ta yi dariya ta ce na fi wasu masu digiri ganewa. Amma ta ce ba ta zaɓen hanya sai ta auna su duka biyu, kuma in ana son farawa a watan nan, gwajin mijin ya fito kafin Alhamis.

Anka ɗebi jinin Baiwa, anka yi mata hoton ciki. Muna zaune a benci, ni a wannan ƙarshe mijin a wancan, sai wata nas ta fito da ɗan kofin roba mai murfi, ta ɗaga murya.

"Malam Zulkiflu, ga wannan. Ɗaki na biyu hannun hagu. In ka gama ka rufe ka kawo."

Bai karɓa ba. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita.

Washegari ma bai shiga ba. Ya kawo mu ƙofar asibiti ya tsaya gun masu shayi. Baiwa ta yi ta kuka a masauki, gidan ƙanwar babanta. Ta ce shekara bakwai tana shan ɗaci, shi kofi ɗaya ya gagare shi, ashe ba ya son haihuwar da ita. Ta ce mu koma gida, ita da asibiti har abada.

Na yi sallar azahar, ina kan darduma ina jan carbi, sai abin ya faɗo mini. Mutumin da ba ya iya cin tuwo in ina tsakar gida, shi anka miƙa wa kofin nan ina kallo. Kuma kullum ina nan zaune bakin ƙofar da zai shiga ya fito. Ba haihuwa yake gudu ba. Ni yake gudu. Ni da na zo gyara, ni ce na tare hanya.

To amma tafiyata kaɗai ba za ta isa ba, don kunyar ta riga ta kama shi, sai an sami mai kwance ta. Ni ba ni iya yi masa maganar. Ubansa ma ba ya iyawa. Mutum ɗaya ce a duniya ke faɗa masa abin da ta ga dama: kakarsa Dudu, wadda tun yana tsumma take ce masa mijinta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaure kayana na hau motar Yauri na koma gida Yelwa. Da safe na iske Dudu tana tsince wake, na durƙusa na faɗa mata komai, ina kallon ƙasa. Ta yi dariya har da tari.

"Kofi? Kofi ya kori maigidana? Ɗauko mini sandata."

Na sa ta mota da goronta da bargonta, na roƙi direba ya sauke ta a hannun Baiwa.

Sauran labarin a bakin Baiwa na ji shi. Wai ranar Laraba Dudu ta iske shi gun masu shayi, ta zungure shi da sanda, ta ce surukar da yake tsoro tana Yelwa tana hura wuta. Ta karɓo kofin da hannunta ta cusa masa a aljihu.

"Ka shiga, ko in shiga in gaya wa likita ni ma shekara talatin da aurenmu ban ga komai ba."

Har masu shayin sunka dara. Shi ma ya dara, ya shiga.

Abin da gwajin ya nuna ban tambaya ba, ba hurumina ba ne. Na dai san likita ta zaɓi hanya ta biyu. Karon farko bai kama ba. Baiwa ta dawo jiki a sanyaye, na ce mata ko mai jefa taru ba jifa ɗaya yake cika jirgi ba. Bayan wata biyu sunka koma, da Dudu a gaban mota wannan karon, don ta ce ba ta zama baya ga mijinta.

Ina juya kifi a kan ragar banda Zuliha ta zo da takardar awo ta ce ciki ya kama. Na ajiye abin da ke hannuna na yi sujada nan cikin hayaƙi.

An haife shi bayan ƙaramar salla, a asibitin Yelwa, namiji, anka sa masa Anas. Dudu ta karɓe shi ta duba shi sama da ƙasa, ta sanar wa matan da ke ɗakin cewa ta yi sabon ango, tsohon ya nemi wata. Ni dai na riƙe shi kaɗan, na yi masa addu'a, na miƙa wa uwarsa. Ruwan wankan jego ba ya dafa kansa, na fita neman itace.