Aikin da Zai Wuce Laraba

Ita ce ke kai wa mahaifinta abincin rana a shagonsa na ɗinki, shi ya sa ta riga kowa ganewa. Ranar Asabar tana zaune a kan benci sai wani malamin makaranta ya shigo da yadi, ya ce ba sauri yake yi ba, ko ƙarshen wata ne.

"In ba za ka karɓa kafin Laraba ba, kai wa wani," in ji Baba, bai ko ɗago kai daga keke ba.

"Tafiya za ka yi, tela?"

"Kai dai kai wa wani."

Haka yayan Baba ya yi shekara huɗu da suka wuce, lafiyarsa ƙalau ya bi gida gida yana mayar da kayan aro, bayan kwana uku aka yi jana'izarsa. Ta dubi bango. Ƙusoshin da kullum suke cike da rigunan mutane, saura uku ke da kaya.

"Baba, me za a yi ran Laraba?"

"Uwata, kin cika tambaya kamar ɗan sanda. Miƙo min almakashi."

Ba ta gaya wa kowa ba, tana tsoron in ta furta abin ya tabbata. Abu ɗaya ta sani, tun da ta yi wayo Baba bai taɓa barin aiki rabi ba. Washegari ta shiga kasuwa ta sayo yadin labule mai kauri, bandir guda, ta dire masa. Ta ce taga shida da ƙofa huɗu, kowanne da tattara. A lissafinta, ko ga mai jini a jika aikin sati biyu ne.

"Gidan naki mai taga biyu?"

"Har da na maƙwabta."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauko abin awo.

Ta koma gida ranta ya ɗan yi sanyi. Amma ran Litinin da ta zo, labule huɗu ta tarar a ninke. Tun da gari ya waye yake taka keke, ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa na fita da ƙyar, kwanon jiya na nan ko buɗewa bai yi ba. Da ya fita sallar azahar ta ɗauki reza ta farke ɗinkin biyu ta cusa a ƙarƙashin sauran. Ran Talata ta farke uku.

Da ya dawo daga sallah ran nan ya zauna, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a cinya.

"Uwata, ki daina. Ƙafar nan ta gaji, kuma ba na so in tafi da aikinki a wuyana."

Kuka ya ƙwace mata. "To ka bar shi, Baba. Wallahi na fasa."

"Na riga na yanka."

Sai ta durƙusa a gefen keken ta riƙe masa bakin yadin, yana takawa tana ja. Rana na shirin faɗuwa suka gama. Ya ɗiga wa keken mai, ya lulluɓe shi, ya dafa kafaɗarta har gida.

Ran Laraba da hantsi ya ce yau kam bari ya ɗan kishingiɗa, rabonsa da hutu ya manta. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi motsawa ko ruwa ta sha, idonta a kan mayafin da ke ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka. Ana kiran azahar ta ga ya sauka, ta jira, ta jira, bai ɗago ba.