Bijimin Muntaka

Muntaka ya dawo da gudu, wuƙa a hannu, ya tarar an riga shi. Bijiminsa ɗaya tak, wanda ya ci gyauron dawa ciki ya kumbura, yana kwance bakin gona a ƙauyen Manga, wuya a yanke. Maƙwabcinsa Japhet, tsohon soja kuma dattijon coci, yana goge adda a ciyawa.

"Baba Soja, da ransa ka yanka?"

"Na ga kamar yana shuri. Har gabas na juya maka shi. A bariki na koya."

Lawwali mahauci ya iso kan babur, ya zagaya bijimin sau biyu bai ko taɓa ba.

"Wutsiya ta motsa? Jini ya yi tsartuwa? In babu, mushe ne. Ko kyauta ba ya hawa teburina."

"Ta motsa," in ji Japhet.

"Ƙuda ne ya motsa ta," in ji matarsa Hannah, wadda, abin mamaki, har ta zo da roba biyu.

Kan Muntaka ya ɗaure. In yanka ne, naman zai mayar masa da ɗan maraƙi kafin wata damina. In mushe ne, sai ya koma noma da fartanya. Ya dubi jinin, ƙasa ta shanye, ba ta bar shaida ba.

"Baba Soja, tsakaninka da Allah."

Japhet ya sosa ƙeya. "Tsakanina da Allah, ban dubi wutsiya ba. Hanya nake dubawa ko za ka ɓullo."

Muntaka ya mayar da wuƙarsa kube. "Ku ɗauka. Ku bar min fata."

Kafin la'asar mutanen coci sun bar ƙwarangwal kawai, karnuka na faɗa a kai. Masu ido dai sun ce an ga wani kwano a rufe ya tsallaka danga daga gidan Hannah zuwa hannun Larai, matar Muntaka. Larai ta ce gishiri ne.

Washegari da rana ta aje masa tuwo. Ya yi loma ɗaya ya tsaya. Miyar kuka ce, amma maiƙo na yawo a kanta.

"Larai, me kika sa?"

"Daddawa ce, Malam."

"Daddawa ke maiƙo?"

"Ta bana haka take."

Ya daɗe da loma ta biyu a hannu. Can ya ce, "Ai Baba Soja ya ce yana shuri, ko?"