Takubban Baba

Ba da niyyar faɗa Auta ta shiga kundin ilimin nan na intanet ba. Hutun rana ake yi a rajistarar kotu, inda take aikin buga takardu, sai abokiyar aikinta ta ce jiya an sake nuna tsohon fim ɗin nan na tarihi a talabijin, wanda aka yi kan birnin da abokan gaba suka yi wa ƙawanya wata bakwai. Auta ta ce ai babanta ne ya ƙera duk takubban da ke cikinsa. Abokiyar ta yi irin dariyar da ake yi wa mai cika baki. Shi ne Auta ta jawo kwamfuta ta buɗe shafin fim ɗin don ta kashe mata baki, sai ga shi nata bakin ne ya mutu. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa makaman da aka yi amfani da su na asali ne, daga gidan tarihi aka aro su.

Aro! Takobi ɗari da arba'in da mashi sittin, wai aro. Tana da shekara tara aka yi aikin nan, kuma ba abin da ta manta. Wata huɗu maƙerar bayan gidansu ba ta huce ba. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙan rai, kullum cikin mita take saboda baƙin hayaƙin da ke sauka a kan shanya. Idan Baba ya gama takobi sai ya dinga sara shi a jikin dutse har bakinsa ya yi giɓi-giɓi, sannan ya binne shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishiri da toka, kwana ashirin, ya tono shi ya yi tsatsa kamar ya ga yaƙi goma. A aikin nan tartsatsi ya kashe masa idon hagu. Yanzu wani can da bai taɓa riƙe guduma ba ya share duk wannan da layi ɗaya.

Nan take ta buɗe asusu, ta goge ƙaryar, ta rubuta gaskiya da cikakken sunan Baba. Minti shida gyaran ya yi a duniya. Wani edita mai kiran kansa Tsintsiya ya mayar da shafin yadda yake, ya bar mata kalma biyu: babu majiya.

Ta sake gyarawa, ya sake sharewa. Ta ɗora hoton Baba a bakin maƙera da takubba jere a bango, aka cire, wai ba a san wanda ya ɗauki hoton ba balle a nemi izininsa. Ranta ya kai maƙura. Ta shiga shafin tattaunawa ta ajiye hujjar da take ganin ba mai iya ja da ita.

"Ni 'yarsa ce ta cikinsa," ta rubuta. "A gabana aka ƙera su. Da hannuna na zuba gishirin."

Amsar Tsintsiya ta zo da ladabin da ya fi zagi ciwo. "Na gode da kika faɗi gaskiya, 'yar'uwa. Sai dai tunda ke 'yarsa ce, ƙa'ida ba ta yarda ki taɓa wannan sashe da hannunki ba. Kuma kundin nan ba ya karɓar abin da mutum ya gani, sai abin da aka wallafa."

Auta ta karanta sau uku. Shekararta goma sha biyu tana buga hukunce-hukunce, ta ga an ɗaure ƙato da shaidar mutum biyu da suka ce sun gani. Ko yaro ya san gani ya kori ji. Amma a wannan gida na masu ilimi, ganinta ne ma ya zama laifinta.

Da yamma ta sami Baba a bakin ƙofa, ya kwance kwaɗon maƙwabci a kan cinya yana lalube da ido ɗaya. Ta zayyane masa komai a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Ki bar su, Auta," ya ce.

"In bar su? Baba, idonka fa!"

"Idon ai ba zai dawo ba."

"Wannan haƙurin naku ne ya sa ake taka ku. Wallahi sai sunanka ya shiga shafin nan, ko da tsiya ko da tsiya-tsiya."

Ya ɗago kamar zai yi magana, sai ya mayar da kai kan kwaɗonsa. Ita kuwa ta ɗauka tsufa ne.

Ran Asabar ta bi diddigin 'yar lambar da ke gaban layin ƙaryar, wadda ke nuna inda aka samo shi. Wata tsohuwar jarida ce. A laburare aka sauko mata da ƙaton kundin jaridun shekarar, mai warin ƙura da kyankyasai. Ta dinga buɗe shafuka tana atishawa, tana shirya abin da za ta yi wa maƙaryacin idan yana raye. Da ta iso wurin sai ga hoto: mutum riƙe da takobi, an ɗaure masa idon hagu da bandeji. A ƙasa an rubuta cewa mai kula da makaman ya tabbatar wa wakilin jaridar dukkansu kayan tarihi ne.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta ajiye kwafin shafin a gaban Baba.

"Kai ka faɗa musu?"

Baba ya kai takardar kusa da idonsa, sai ga shi yana murmushin da ta daɗe ba ta gani ba. "Daraktan ne ya ce in faɗi haka, wai zai fi jan mutane. Da farko na ƙi. To ɗan jaridar ya zo da wani masani, mai tabarau. Na ba shi ɗaya. Ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ya haura shekara ɗari biyu. Auta, kwana uku da tono shi! Ranar ban san ina taka ƙasa ba."

"Cutarka aka yi, Baba. An ci guminka, an kuma sa ka share sunanka da bakinka."

"Ba haka nake kallonsa ba."

Ba ta tsaya jin yadda yake kallonsa ba. Tunda wallafa suke so, za ta ba su wallafa. Sati uku tana sintiri har ta shawo kan wata 'yar jarida ta zo gidan. Baba bai taɓa iya ce wa autarsa a'a ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya yi awa biyu yana bayanin zafin wuta da launin ƙarfe da yadda ake auna gishiri da tafin hannu. Can wajen ƙarshe aka tambaye shi zancen tsohuwar jarida, ya ba da labarin masanin yana dariya har da tari.

Labarin ya fito da kanun da ya cika rabin shafi: maƙeri ya tona ƙaryar shekara talatin. Zancen wuta da gishiri layi biyu aka ba shi.

Auta ba ta ma taɓa kundin ba. Tsintsiya da kansa ya yi aikin, har ya aiko mata da saƙon barka. Ya buɗe sabon sashe mai suna Ce-ce-ku-ce, kuma ga sunan Baba nan cikakke, ba kuskuren harafi ko ɗaya. An rubuta cewa shi ne ya ƙera makaman, ya yaudari 'yan jarida da wani masani, ya kuma amsa laifinsa bayan shekara talatin.

Ta goge rabin jimlar. Ko minti biyar ba a yi ba ya dawo, da gargaɗin cewa idan ta ƙara cire bayani mai majiya za a rufe asusunta. Ta rubuta wa Tsintsiya amsa mai tsawo, ta kira shi marar imani, ta kira kundin nasu kotun da ba alƙali. Ta karanta, ta rasa a ina ya yi ƙarya, ta goge. Haushin da take ji bai ragu ba, sai dai ta rasa wanda za ta ɗora wa.

Ta yi niyyar ɓoye wa Baba, amma maƙwabci ya riga ta, ya karanta masa a waya tun da hantsi. Ta same shi a kujerarsa, ba komai a hannunsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a hankali.

"An ce sunana ya shiga."

"Ya shiga, Baba."

"Jikokina za su gani ke nan."

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Da can duk wanda ya buɗe wurin nan, ce masa ake aikina na kakanni ne. Ni na san nawa ne, ya ishe ni." Ya shafa gwiwarsa. "Ba a iya mayar da shi yadda yake?"

"Ba a iyawa. Yanzu suna da majiya."

"Wace ce majiyar? Ko za ki je ki roƙe ta?"

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Kai ne, Baba. Ni na kawo ka."