An Ba Ki, Ɗauki

Tun da Choolwe ta dawo garinsu Mazabuka babu wanda ya tambaye ta abin da ya dawo da ita. Ina ma sun tambaya! Kowa ya sani, shi ya sa. A kasuwa a gaishe ta, a coci a matsa mata wuri, amma da ta ba da baya sai a yi ƙasa da murya kamar an shiga gidan makoki. Yarinyar da gari ke taƙama da ita, wadda ta tafi Afirka ta Kudu ta mai da golf sana'a, ga ta ta dawo tsakiyar kakar wasa da jakar sandunanta, wai hutu ta zo yi.

Hutu dai! Hannu ne ya juya mata baya. Dogon bugu lafiya lau, in ta maka wa ƙwallo sai ka ɗaga kai kana nemanta a sama. Amma in ƙwallon ta zo bakin rami, saura kamu ɗaya, abin da ɗan yaye zai tura da ƙafa, sai hannun dama ya ƙwace mata. Wani lokaci ya zabura, wani lokaci ya sandare. A gasarta ta ƙarshe a Durban ta tsaya kan irin wannan ƙwallo har 'yan kallo suka fara tari, ta yi ta bugu tana wuce ramin a gaban kyamara. Ciwon yana da suna a wurin 'yan golf, amma ba sa faɗinsa, wai ko kallon mai shi ka yi yana iya bin ka gida. Ƙawarta da suke kwana ɗaki ɗaya a wajen gasa ma sai da ta canza lokacin atisaye, ta bar ta ita kaɗai.

Kafin damina ta sauka akwai gasar neman gurbi a Johannesburg. Wadda ba ta je ba ta rasa wurinta na baɗi, kuma wuri irin wannan in ya suɓuce ba ya jiran kowa. Choolwe tana son ta san abu ɗaya tak kafin ta hau mota ko ta haƙura da sana'ar: hannun nan nata ne ko ba nata ba ne?

Da sassafe takan je filin golf na kulob ɗin garin, raɓa ba ta bushe ba, daga ita sai kukan tsuntsaye da hayaƙin masana'antar sukari can nesa. Ta zuba ƙwallaye ta yi ta turawa, duka suna faɗawa. To amfanin me? Ciwon ba ya zuwa sai da ido. Sai akwai wanda ya tsaya yana kallo, wanda faɗawar ko rashin faɗawar ta dame shi. Shi ya sa ranar Asabar ta ce wa mahaifinta, Hamoonga, tsohon makanikin masana'anta, za ta shiga wasansu na tsofaffi.

Su uku ne suke wasa tare tun kafin a haife ta: shi, da Kawu Mweemba mahauci mai bakin tsiya, da wani tsohon hedimasta da ba ya magana sai ya rasa ƙwallo. A wasan zumunci irin nasu akwai al'ada: in ƙwallonka ta matso ramin ƙwarai, abokin karawa yakan ce an ba ka, sai ka ɗauke, a lissafa ta shiga. A gasar ƙwararru babu wannan, ko ƙwallo tana leƙen rami sai ka tura ta.

A rami na farko ƙwallonta ta tsaya kamu ɗaya. Zuciyarta ta buga, ta ji daɗin bugawar ma, ta ce yau za a sani. Ba ta kai ga sunkuyawa ba Kawu Mweemba ya sa takalmi ya turo mata.

"An ba ki, 'yata, ɗauki. Wa zai tsai da 'yar talabijin a kan wannan?"

"Kawu, bari in buga mana."

"Ki buga me? Ki bar mu da mutuncinmu. Ga ubanki nan ma da hannunsa kamar mai yankan kabewa muna ba shi, balle ke."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi da ƙarfi don a rufe wani abu. A rami na gaba hedimasta ne ya ba ta. Daga nan kyautar ta fara tsawo: kamu ya zama taku, taku ya zama biyu. Mweemba, mutumin da zai yi rigima da kai wata guda a kan ƙwallo ɗaya, shi ne yau yake rabon ramuka kamar ranar bikin 'yarsa. Da aka zo inda ƙwallon ta yi nisan da kunya ba za ta bari a bayar ba, ta sunkuya, sai ta ɗan ɗago ido. Duka ukun sun juya. Ɗaya yana ɗaure takalmin da yake a ɗaure, ɗaya yana kallon gonar rake, mahaifinta kuwa ya ba ta ƙeya yana goge sanda. Ƙwallon ta faɗa, babu wanda ya gani. Wallahi ko a Durban ba ta ji kaɗaici irin na wannan lokacin ba.

A mota suna komawa ta kasa haɗiyewa.

"Taata, kun haɗa baki ne?" ta tambayi mahaifinta.

"Wane irin haɗa baki? Mutane suna ganin girmanki."

"Girmana ko tsorona? Ko kallona ba ka yi ba."

Ya amsa idonsa a kan titi. "Ranar Durban a kulob muka kalla, zaure cike. Na zauna a gaba da sabuwar riga. Choolwe, na kalla sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Ki ce min in ɗauki jakarki zuwa Lusaka a ƙafa zan ɗauka."

A gida ya tuƙa nshima, tuwon masararsu, da kifin da ta fi so, ya yi ta tura mata kwano, ita kuma tana ci don kada ransa ya ɓaci.

Mutum ɗaya ta rage mata a garin nan, Bina Miyanda, tsohuwar nas da ta fara ɗora mata sanda a hannu. Matar nan a zamaninta ba ta taɓa ba kowa ƙwallo ba. An ce ta taɓa sa limamin cocinsu ya tura ƙwallon da ke rataye a leɓen rami, ya kuskure, ta ce masa ya kai ƙara sama. Yanzu gwiwa ta zaunar da ita a gonarta ta hanyar Magoye, tana kiwon kaji. Can Choolwe ta same ta tana zagin wani zakara.

"Ke ce kika dawo kike ɓuya kamar amaryar da ta ƙona miya? Sai yau kika tuna ina da rai?"

"Baama," ta ce, yadda suke kiran uwa, "ki yi haƙuri. Wasa nake so ki yi da ni."

"Da wace gwiwar?"

"Ko rami uku ne, na kusa da barandar kulob. Amma ki yi min alkawari, kada ki ba ni komai. Kuma ki tsaya ki kalle ni."

Tsohuwar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Ni in ba ki? Uwar da ta haife ni ma ban ba ta ba. In kin sandare a wurin sai dai a dasa miki tutar rami a ka. Ki ƙara min bugu ɗaya a kowane rami saboda tsufa, kuma ke za ki ɗauki jakata."

Choolwe ta yi dariya, ta gaske, ta farko tun dawowarta.

Garin rake ba ya riƙe magana. Ranar Laraba da yamma barandar kulob ta cika da mutanen da suka ce shayi suka zo sha. A rami na farko ƙwallon Choolwe ta faɗa tun daga nesa, ba a kai ga gwaji ba. A na biyu tsohuwar ce ta jefa wata doguwa da sa'ar banza ta cinye ramin, ta ɗaga sanda tana yi wa baranda gwalo. Aka zo na uku kunnen doki. Bina Miyanda ta gama nata, ta ciro ƙwallonta tana nishi. Ta Choolwe tana nan kamu ɗaya daga rami, in ta shiga ta ci wasa.

Tsohuwar ta zo ta tsaya daidai gabanta, bayan ramin, ta harɗe hannu a ƙirji, ta zuba mata ido ƙur.

Choolwe ta sunkuya, sai ga baƙon nan, ciwon hannun, ya iso. Yatsu suka yi sanyi, hannun dama ya zama kamar na aro. Sandar ta ƙi ja baya. Ta ji cokali ya daina motsi a kofunan baranda. Gumi ya gangaro ta bayan kunnenta ya ɗiga a takalmi. Ta ce a ranta, tsaya nan, kada ki miƙe, duk daɗewar da za a yi a yi. Tana jin idon tsohuwar a tsakiyar kanta, ido mai nauyi, wanda bai kauce ba, kuma abin mamaki nauyin nan ne ya fara riƙe ta. Numfashi ya sauka. Babban yatsa ya ɗan saki. Ta ji wani ɗumi yana dawowa tafin hannunta kaɗan-kaɗan, har kan sandar ya fara motsawa baya.

"An ba ki. Ɗauki."

Muryar tsohuwar ce. Choolwe ta ɗago. Bina Miyanda ta saki hannuwanta, ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuskar da ko a jana'izar mijinta ba a ga hawaye ba.

"Baama, kin yi alkawari."

"Na yi. Ɗauki abinki, don Allah, ya isa haka."

"Ki janye."

"Kin fi ni sanin doka."

Ta sani kuwa. Kalmar nan in ta fita ta fita, mai bayarwa ba ya janyewa, wanda aka ba ba ya ƙi. Wasa ya ƙare tun lokacin da aka furta ta, Choolwe ta ci. Duk da haka ta koma ta sunkuya ta tura ƙwallon. Ta tafi sumul ta faɗa tsakiyar rami da ɗan ƙaranta mai daɗi.

Baranda ta ɓarke da tafi. Kawu Mweemba ya hau kujera yana ihu, "Ta warke! Na ce muku ta warke! A kawo nama, ni zan gasa!" Har mahaifinta ya fito daga bayan ginshiƙin da ya laɓe yana tambayar ko ta shiga.

Ita kuwa ta san ba ta buga komai ba. Ƙwallon da aka riga aka ba ka ko makaho ya tura za ta shiga. Daƙiƙa ɗaya ta nema, da an bar mata da ta sani, ko daɗi ko ɗaci. Baƙin ciki ya kama ta, ga shi babu wanda za ta yi fushi da shi, duk masoyanta ne.

"Na yi wa jarirai allura suna tsala ihu ban ƙifta ba," in ji tsohuwar tana share fuska da bakin zane. "Amma ke, tsaye a nan kamar an ɗaure akuya... Na tsufa, 'yata. Ki yafe min."

Choolwe ta ɗauki jakar tsohuwar ta raka ta har mota.

Da lokacin tafiya ya zo mahaifinta ne ya kai ta bakin titi inda motar Livingstone ke tsayawa, daga can ta kama ta kudu. Ya rungume jakar sandunan kamar za a ƙwace masa.

"Tunda kin warke, ki tafi da ƙarfinki," ya ce, amma idonsa tambaya yake yi.

"Ban sani ba ko na warke, Taata."

"To me za ki je yi? Ki zauna mana. Nan kowa naki ne. Can in abin ya kama ki, wa kike da shi?"

"Babu kowa," ta ce. "Shi ya sa zan je. Can ba mai tausayina da zai ba ni."

Motar ta iso tana huci, ya sa jakar a ƙasa da hannunsa, ya gargaɗi direba kada a ɗora mata buhu. Choolwe ta sami wuri kusa da taga, ta ɗora hannun dama a cinya ta rufe shi da na hagu.