Dubu Goma da Ɗaya

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kumasi daga Ankara, akwai wani dattijo a Zangon Kumasi mai suna Munkaila. Fataucin goro ya yi tun yana saurayi, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Abokinsa Amidu tela ne, rumfarsa tana kallon ƙofar gidansa.

Suna da wani wasa bayan la'asar. Ɗaya zai faɗi lamba, ɗayan ya nemo abin da zai raba ta daidai, ba saura. Wadda ta ƙi rabuwa, gwauruwa suke ce mata.

Wata rana Amidu ya dawo daga sayen yadi a Adum, ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, dubu goma da ɗaya. Na gwada har na gaji. Wannan gwauruwa ce."

"Ka gwada har nawa?"

"Har hamsin."

"To ai ba ka gama ba," in ji Munkaila.

Ya ari farantin matarsa Hadija, ya zuba yashi, ya fara zane da yatsa. Biyu ba ta shiga ba. Uku ta bar saura biyu, bakwai ta bar biyar, sha uku ta bar huɗu. Damina ce, ruwa yana dukan kwano, shi kuwa yana zaure yana rubutawa yana shafewa. Bai yi gaggawa ba. Kowace rana lamba biyu ko uku yake gwadawa, sai ya ture farantin ya ci goro. Hadija ta lura ya daina ƙorafin gwiwa, don haka ta bar masa farantin, ta riƙa kai ƙosanta kasuwa a kwando.

Da ya wuce saba'in da ɗaya, shi ma ya fara yarda da Amidu. Ran Alhamis da hantsi ya gwada saba'in da uku. Ya kai ƙarshe, babu saura. Ya shafe, ya sake. Babu saura.

Ya ɗauki sanda, ya tsallaka hanya cikin taɓo, ko takalmi bai sa ba.

"Amidu! Tana da miji! Saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai!"

Amidu ya ajiye allura, ya jawo alli, ya yi lissafin a gefen teburinsa. Da ya gama, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Allahu Akbar. Ashe nesa ta yi aure, shi ya sa ba mu ji labari ba."

Wani Ba'asante da ya zo karɓar rigarsa ya tambaya ko haihuwa aka yi. Suka yi ta yi masa bayani da yarensu na Tuwi, bai gane wasan ba, amma ya taya su murna. Amidu ya aika aka sayo shinkafa da wake, su ukun suka zauna suka ci a rumfar.