Fayilolin da Kyari Ya Ɓoye

Hashim da Kyari sun daɗe suna rubuta manhaja tare, Hashim a Gashua, Kyari a Nguru. Aikin da ke gabansu na Alhaji Mudi ne, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda yake son manhajar da za ta riƙa haɗa shi da direbobin manyan motoci. Ɗansa Usama ne ya gindaya sharaɗi: ba za a karɓi aiki ba sai manhajar binciken kurakurai ta karanta abin da suka rubuta ta ce babu aibi. Ita kuwa mai binciken, fayilolin da aka nuna mata kaɗai take dubawa.

Kullum rahoton kore yake fitowa, abin ya tsaya wa Hashim a rai, domin ya san Kyari da aikin gaggawa. Wata safiya ya buɗe saitin, sai ya tarar Kyari ya lafta wa fayilolinsa duka sunan fayilolin gwaji, waɗanda ba sa cikin ainihin manhajar, kuma ya umarci mai binciken ta tsallake su.

Bai kira shi ba. Ya goge umarnin, ya sake bincike, allo ya yi jawur. Ya ɗauki hoton allon ya tura a zauren tattaunawarsu na waya, wanda Usama yake ciki.

Kafin azahar Kyari ya rama. Ya karkatar da mai binciken kan fayilolin gwajin Hashim, inda Hashim ya bar kalmar sirrin rumbun bayanan Alhaji a fili. Shi ma ya tura hoto.

Washegari suka haɗu a Jajimaji, don babu wanda ya yarda ya taka garin ɗan'uwansa. Ranar kasuwa ce, suka tsaya a bayan rumfar mai shayi, ko hannu ba su ba juna ba.

"Gaban yaron Alhaji za ka tona mini asiri?" in ji Kyari.

"Kai ka rufe wa mai bincike ido. Da ka so a karɓi ruɓaɓɓen aiki da sunana?"

"Rabin abin da take kuka a kai ba kuskure ba ne, surutu ne. Na ce zan gyara bayan mun miƙa. Kai fa, Malam mai tsarki, da ka bar makullin mutum a bakin ƙofa?"

Maganar ta soki Hashim, domin gaskiya ce. Wannan ya ƙara tunzura shi.

"Nawa mantuwa ce. Naka ha'inci ne."

Kyari ya matso har mai shayi ya ajiye butarsa ya shiga tsakani. Da ƙyar suka tsayar da magana ɗaya: mai binciken ta karanta komai, na aiki a matsayin na aiki, na gwaji a matsayin na gwaji, ba a tsallake ko fayil guda.

Hashim ya canza kalmar sirrin tun yana cikin motar komawa. Makonni suka yi suna gyara, ba sa magana sai a rubuce, ita ma gajeriya mai zafi. Usama ya karɓi aikin, amma da wani sabon aiki ya taso, wata mai rubuta manhaja a Kano ya ba.

Ranar da Hashim ya ji labari ya shiga ma'ajiyar ayyukansu ta intanet zai cire Kyari. Ya tarar Kyari ya riga ya cire kansa.