Takalmin Malama Debora

Raƙiya na zaune kan tabarmar takaba lokacin da ta ji sunanta daga bayan katanga, a fadar samari masu shayi.

"Ni dai takalmin nan ka ba ni mamaki," in ji Nasrullahi, mai gyaran waya, wanda tun da abin ya faru ya naɗa kansa jandarma ba kaki. "Mi ak kai matar wani tuɓe takalmi cikin daji tare da ɗan kabu-kabu? Kuma babur na nan ba a taɓa ba. Ɓarayi ba su barin babur. Aiko su anka yi. Ku tambayi Raƙiya."

Mijinta Sama'ila ne ɗan kabu-kabun. An tsinci gawarsa a hanyar Bambeye tare da ta Malama Debora, wadda ya saba kaiwa lakwal, makarantar da take koyarwa. Jandarmomi sun zo sun auna, sun ɗauki hoto, sun tafi, shiru har yau. Sauran binciken sai unguwa ta karɓa, kyauta.

Raƙiya ta san zancen takalmin. Damina ce, ƙorama ta kawo, duk fasinja sai ya sauka ya tuɓe ya ratsa da ƙafa. Samarin ma sun sani, kowa a Tahoua ya taɓa ratsa ruwan nan da takalmi a hannu. Amma wannan bayanin ba ya daɗin shan shayi. Ita kuwa mai takaba ba ta fita, balle ta tsaya gaban maza ta wanke kanta.

* * *

Da farko mata na shigowa da kwanon tuwo, su zauna su taya ta shiru. Sai aka fara cewa ba ta yi kuka sosai ba ranar jana'iza. Kwanuka suka ragu. Kaltumi maƙwabciyarta, wadda suke daka a turmi ɗaya, ta koma aiko gaisuwa ta saman katanga, daga baya gaisuwar ma ta ƙafe. Kaɗaici ya ishi Raƙiya har takan yi wa akuyarta magana.

Wata la'asar aka yi sallama. Muryar namiji ce, bai shigo ba.

"Amos ne, mijin Debora. Na kawo ta'aziyya, ki gafarce ni na makara."

Ta matso bayan ƙyaure, ta ja mayafi. "Allah shi ba mu haƙuri, Malam. Yaya yara?"

"Suna tambayar uwarsu." Sai ya ƙara da cewa, "Kullum sai ta tuɓe a ƙoramar nan. Takalmin sabo ne, tana tsoron ruwa ya ɓata shi."

Nan kukan da unguwa ta ce ba ta yi ba ya ƙwace mata. Amos ya ajiye kwanon shinkafa a bakin ƙofa, ya juya. Ta kafar ƙyaure ta hango Nasrullahi a fadar ya ɗaga waya yana ɗaukar bayansa.

* * *

Kafin magariba hoton ya zaga wayoyin unguwa: mijin waccan a ƙofar matar wannan, to me ya rage a bincika?

Amos bai sake zuwa ba. Raƙiya ba ta iya miƙa hannu ta ɗauki kwanon ba. Da safe ta leƙa, ta ga akuyoyin unguwa sun kifar da shi suna lasa.